Inda Kuɗin Zance Ya Tafi

"Ki faɗa wa Baba na janye."

Zaituna ta ɗago kai ta dube shi. Mikail na zaune a kan tabarma a soron gidan su Zaituna da ke Dala, inda ya shekara uku yana zama duk yammacin Lahadi, amma yau ko ruwan da ta kawo masa bai taɓa ba.

"Ka janye daga me, Yaya Mikail?"

"Kin fi ni sani. Baba ya ce ƙarshen watan nan in turo magabatana da sadaki, ko in ba wani wuri. Saura kwana tara... Zaituna, wallahi ba ni da komai!"

Wanda bai san shi ba sai ya ce wasa yake. Teburin POS gare shi a bakin Ƙofar Nassarawa, mutane na layi tun safe. Kuɗi kam suna shigowa, sai dai irin samarin nan ne masu aljihu da ƙofa biyu. Sabuwar shadda duk wata, ankon bikin aboki, waya in ta shekara a sake ta. Ga mahaifiya da ƙanne huɗu, tun rasuwar mahaifinsu shi ke ɗora tukunyar gidan.

"Ɗan abin da na haɗa na biya wa Sa'adiyya makaranta," ya ce. "Ba zan zaunar da ƙanwata a gida don in yi aure ba."

"Ka kyauta. Da ka zaunar da ita, ni ce zan janye."

"To kin gani... Rabin raina, ina son ki, amma ba zan riƙa ɓata miki lokaci ba."

Ta share idonta da bakin hijabi, ta miƙe.

"Tashi mu je wajen 'Yardada."

"Cikin gida? Ni?"

"Kakata ce, ba cizo take ba. Bari in yi maka iso."

Sun tarar da tsohuwar a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Tana ganinsa ta washe baki.

"A'a, angona! Yau da hannu biyu ka zo min, ko goro babu? Me ya samu fuskar kamar an ƙwace maka tuwo?"

"Iya, cewa ya yi ya janye," in ji Zaituna. "Ba ni makullin ƙuryar."

'Yardada ta kwance shi daga bakin zaninta ta miƙa mata. Zaituna ta buɗe ƙofar, ta ja da baya.

Mikail ya leƙa, sai ya dafa bango.

Huluna ne. Ɗinkin hannu, an wanke an buga, an jera su ɗaya cikin ɗaya tun daga kan tabarma har kusa da azara. Shuɗi, ruwan ƙasa, fari mai ratsin zinariya, ruwan goro... Hasken yamma ya shigo ta taga ya faɗa musu, zaren yana ta ƙyalli. Ko a kasuwar Kurmi ba kowace rumfa ke da irin wannan kaya ba.

"Subhanallahi! Na wane Alhajin ne?"

"Naka ne."

"Zaituna, ki bar min wasa yau."

"Ka tuna ranar da ka fara zuwa zance? Dubu biyu ka saka min a ƙarƙashin faranti. Ƙawayena suka ce mu je mu ci shawarma. Ni kuwa na sayi yadi da zare, Iya ta koya min, na yi sati uku a kan hula ɗaya. Da aka sayar, ban taɓa ko sisi ba, na sayo kayan guda biyu. Duk Lahadin da ka ajiye min wani abu, nan yake zuwa. Yanzu mata goma sha ɗaya ke min ɗinki a unguwar nan. Waɗannan Sallah suke jira."

Mikail ya juyo ya dube ta. Shi da yake jin haushi a ransa, yana cewa yarinyar nan ba ta san ado ba, kullum atamfa ukun nan!

'Yardada ta ƙura wa kansa ido.

"Angona, matso. Wannan ta kanka nawa ka saye ta?"

"Dubu goma sha takwas, Iya."

Tsohuwa ta fashe da dariya har wake ya zube.

"Hasana ta bayan gidan nan ce ta ɗinka ta! Dubu bakwai muka ba dillali. Kai, Allah ya ƙara mana irinku a garin nan!"

Zaituna ta danne dariyarta. "Ba ka rasa samu ba, Yaya Mikail. Kai sai ka gama kashewa kake cewa za ka ajiye abin da ya rage, kuma ba ya ragewa. Ni na ajiya nake fara cirewa, in ci ragowar. Shi ke nan fa, babu wani asiri." Muryarta ta yi ƙasa. "Gobe a kira dillali ya kwashe rabi. Ka kai sadakin."

"A'a."

"Don Allah..."

"A'a, Zaituna! In aure ki da ciwon idonki da na yatsunki? Da wane ido zan dubi Baba? Gara in rasa ki in yi ta kuka..." Hawaye suka zubo masa, bai ma damu ya share ba.

Sai suka ji gyaran murya. Malam Ilu ne, mahaifinta, ya dawo daga kasuwa. Mikail ya zube ƙasa yana gaisuwa.

"Na ji komai," dattijon ya ce. "Da ka ce to, da yau ne zuwanka na ƙarshe gidan nan. Abin da ka ba ta ya zama nata. Sadaki kuwa gumin namiji ne. Miƙo min wayar nan."

Mikail ya miƙa da hannu biyu. Malam Ilu ya juya ta, ya auna nauyinta a tafinsa kamar mai tayin fata.

"Nawa?"

"Dubu ɗari huɗu da hamsin, Baba."

"Iye! Yaro, sadakinka har da kuɗin gyaran ɗaki suna aljihunka, kana kukan babu? Shadda nawa gare ka?"

"Za su kai... ashirin."

"Jiki nawa gare ka?"

Mikail ya sunkuyar da kai.

"Ni ban ce ka kawo min akwati goma sha biyu a yi ta guɗa ba. Mutum nake nema wanda in ya samu goma zai iya kwana da uku. Kuma ban ƙara maka ko yini ɗaya ba. Kwana tara."

A kwana na shida magabatan Mikail suka yi sallama a soron. Ya sayar da wayar da shadda goma sha huɗu, ya sayi ƙarama mai madannai. Abokai suka yi ta yi masa tsiya a bakin tebur, wai karayar arziki ta zo. Shi dai ya ci gaba da sallamar masu layi.

Ranar Asabar bayan Sallah da sati biyu, da hantsi, aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Zaituna na ƙuryar ɗaki cikin ƙawaye, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, sai wayarta ta yi ƙara. Wata ƙawa ta kara mata a kunne.

"An ɗaura, matata," in ji Mikail. "Wallahi har yanzu ban san me na yi wa Allah ya ba ni ke ba."

Ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya ƙwace mata. Ta yi ta yi, shi kuma yana saurare.

"Amarya..." ya ce a hankali. "Ki rage sauran sai na zo. Katin naira ɗari na saka."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kukan, har ƙawayen suka ruɗe suna tambayar me ango ya ce.