Gidan Da Ya Ƙi Sayuwa

Ana haƙa kabarin mijinta a tsakar gida, ana watso mata kayanta ta taga. Haka ranar Alhamis ɗin nan ta zo wa Kavata a unguwar Joska, can bayan garin Nairobi: tukwane a cikin taɓo, katifa tana shan ruwan sama, ga 'yarta Mwende 'yar shekara biyu a goye tana tsala kuka. Kwana huɗu ke nan da mota ta kaɗe mijin nata Mutisya a bakin titi, ko hawayen farko bai bushe mata ba, sai ga yayansa Ndambuki ya sauka daga ƙauye da takardu a hammata da mahaƙa biyu a bayansa. Wayyo Kavata! Marainiya ce tun tana goye, ba uwa ba uba, ba wani namiji da zai tsaya a ƙofa ya ce a'a.

Ta durƙusa cikin taɓon ta kama ƙafar wandonsa. Ta roƙe shi ya kai Mutisya ƙauyensu a yankin Makueni a binne shi kusa da mahaifiyarsa kamar yadda ya sha faɗi, ta roƙe shi ya bar mata ko da ɗakin girki ne saboda yarinya.

“Yaya, ka dubi Allah... Jininku ce a bayana.”

“Wane ne yayanki?” in ji Ndambuki, yana karkaɗe wandonsa. “Ina awakin da aka kai gidanku? Wa ya yanka, wa ya ci? Zaman daɗiro kika yi da ƙanena, kuma zaman ya ƙare. Nan zan binne shi, kowa ya san ƙasar gidanmu ce.”

Abin takaicin, a kan awakin nan gaskiyarsa ce. A wajen ƙabilarsu ta Akamba, in ba a kai awaki uku na ntheo gidan su mace an yanka bunsuru ba, to ko ta haifi 'ya'ya goma dangin miji suna iya cewa ba su san ta ba. Kuma gidan nan da ake korar ta daga ciki shi ya cinye awakin. Shekara bakwai suka yi a ɗaki ɗaya na haya a unguwar Kayole, ita tana suyar gurasar chapati, shi yana aikin wayar lantarki, suna tara kuɗi. Mutisya kuwa mutum ne mai aune-aune, ko tumatir zai saya sai ya latsa goma. Da kuɗi suka taru ya yi wata uku yana kai-kawo tsakanin gidaje biyu. Ɗaya yana can cikin jeji, harajinsa bai kai ya kawo ba, amma ranar da ka so sayarwa sai ka roƙi mai saye. Ɗayan yana dab da kwalta, hukumar gunduma tana tatsar haraji mai nauyi duk shekara, sai dai darajarsa kullum hawa take yi. Ya tambayi dillali, ya tambayi maƙwabta, har fasto bai tsira ba. A ƙarshe ya zaɓi na bakin kwalta, don in ya mutu Kavata ta sami abin sayarwa ta riƙe yarinya. Da kuɗin suka gaza, ya cika da na awaki, yana dariya yana cewa awaki ba inda za su, gida kuwa wani zai riga su.

Tana tsaye a bakin ƙofa, ruwa yana dukanta, sai maganar dillalin ta faɗo mata, wadda ya yi ranar da suka karɓi makulli. Ya ce su biya haraji a kan kari, don in ya taru haihuwa yake yi. Sannan ya ce abu ɗaya ne ke kashe gida a kasuwa murus, shi ne kabari, don ba mahalukin da zai zuba dukiyarsa ya kwana da mamacin wasu. Kavata ta dubi ramin da ake haƙawa a inda ta shuka sukuma, ganyen miyarta. Ta buɗe baki za ta faɗa wa Ndambuki, sai ta rufe. A karo na farko a rayuwarta ta ji daɗin mugunta ya ratsa ta, ta ɗaga ido sama ta ce a ranta, “Ya Ubangiji, kada ka ɗauki raina sai na ga gidan nan ya zame masa ƙaya.”

Wahala kuwa ta sha ta har ta gode Allah. Ta kama wani ɗakin kwano a mahaɗar hanya, inda ake sauka daga matatu, motar haya, a shiga unguwar, ta kafa kaskonta. Mwende ta yi ciwon ƙirji har aka fid da rai, ta sayar da katifar ta saya mata magani. Ndambuki ya je kotu ya rantse ƙanensa bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, aka miƙa masa gida. Ranar cikar shekara da rasuwar Mutisya ta kawo furanni kabarinsa, ya sakar mata kare. A coci ma sai da ya bi ta da sharri, wai ita ta ci mijinta, har mata suka riƙa janye zanensu in ta zauna.

Shi kuwa gogan naka tun farko ba zama ya kawo shi ba, kuɗi yake hange. Takardar haraji in ta zo sai ya kunna risho da ita, yana cewa shi a ƙauyensu bai taɓa jin an biya gwamnati kuɗin kwana a ɗakin kai ba. Da ya kira dillalai, na farko ya leƙa ya ga gicciyen kabari ya juya ko ruwa bai sha ba. Na biyu ya yi masa dariya. Nan fa ido ya raina fata. Sai ya yi abin da ko kura ba za ta yi ba: ya tumɓuke gicciyen, ya baje kabarin ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayar da gonarsa ta gado a Makueni ya shimfiɗe tsakar gidan da bulo mai ado, ya shafe bango da fenti. Wurin da Mutisya yake kwance ya koma wurin ajiye mota!

Ranar da Kavata ta ji, ba ta yi kuka ba. Wanke baƙar rigarta ta yi ta goge.

Wata Asabar da hantsi wani likita da matarsa suka zo da lauyansu za a sa hannu. An buɗe ƙofa, an ɗaure kare saboda baƙi, ana ta yaba bulo. Sai ga Kavata ta shigo cikin baƙaƙen kaya, Mwende a hannun dama, furanni a hagu. Ba ta kalli kowa ba. Ta ƙirga taku shida daga gindin mangwaro, ta durƙusa dab da tayar motar likitan, ta ajiye furannin.

“Mwende, gai da babanki.”

Matar likita ta dafe ƙirji ta tambaya wane baba.

“Yana nan ƙasan tayarku, Madam. Ku ɗan matsa da motar, kun danne masa kai.”

Ko sallama ba su yi ba suka fice. Daga ranar duk wanda ya sauka a mahaɗa ya tambayi gidan sayarwa, Kavata za ta juya chapatinta ta ce da ladabi, “Gidan mai kabari? Kwana ta biyu a hagu.” Labarin baje kabarin ya kai ƙauye, dattawan dangi suka kira Ndambuki suka ci shi tarar bijimi, suka hana shi zama a taronsu. Harajin da ya raina kuwa ya yi ta haihuwa kamar yadda dillali ya faɗa, har shekara ta huɗu hukuma ta manna jar takarda a ƙofa ta sa ranar gwanjo.

Ranar gwanjon unguwa ta cika da 'yan kallo, amma ba mai saye. Mai gwanjo ya kira farashi, shiru. Ya rage, shiru. Ya sake ragewa har muryarsa ta dushe. A duk faɗin ƙasar mutum ɗaya ce tak take son gida da wannan kabarin a ciki, ita ce ta ɗaga hannunta mai tabon ƙunar kasko. Abin da ta tara shekara huɗu, da kwasar adashin matan mahaɗa da suka bar mata, shi ya saya. Da hukuma ta cire hakkinta, abin da ya rage wa Ndambuki bai kai kuɗin fentinsa ba. Ga gona ta tafi, ga gida ya tafi.

Bayan sati biyu tana ɓamɓare bulon da hannunta, sai ta ji kukan awaki a ƙofa. Ndambuki ne, ya rame ya yi baƙi, yana jan awaki uku da igiya, wai ya zo cika al'ada don ta zama matar gidansu, a zauna tare a rufa wa juna asiri.

“Maman Mwende, ki yi haƙuri... Ni yayanki ne.”

“Wane ne yayana?” in ji Kavata. “Zaman ya ƙare, kai ka faɗa. Ja awakinka, kada su ci wa mijina furanni.”

Ta rufe ƙofa ta sa sakata. Ta koma ta zauna a kan jar ƙasar da ta tono, sai a sannan kukan shekara huɗu ya ƙwace mata. Da ta yi mai isarta ta share ido, ta dafa ƙasar da tafin hannu.

“Baban Mwende, duk aune-aunenka ya tashi a banza. Darajar gidanka ta faɗi, ba mai sayensa har abada. Ka kwanta abinka, harajin ni zan biya.”