Tsakon da Ya Fito daga Safa

Akwai wani yaro, shi ne ƙarami a gidansu. Kowa Auta yake ce masa. Amma shi ya raɗa wa kansa suna Gwanin Tsokana.

In ka ji ihu a layinsu, kada ma ka tambaya. Auta ne. Shi ya ɗaure igiyoyin takalman abokinsa wuri ɗaya. Shi ya ɗura gishiri a gwangwanin sukari, har Baba ya kurɓi shayi ya furzar.

Kullum sai ya daki ƙirji ya ce, "Ni fa ba a kama ni. Wayona ya fi ƙarfin gidan nan."

To, ranar gishiri dai an kama shi. Yayarsa ce ta gan shi, ta kuma faɗa wa Mama. Aka sa shi wanke kwanuka har hannunsa ya yi fari.

Ya harari Yaya ya ce, "Za ki gani."

Yaya ta ce, "Mu gani ɗin, ɗan ƙaramin kai."

A makon nan Yaya ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ranar Asabar za a ba ta kyauta a gaban iyaye. Baba ya sayo mata fararen takalma a cikin kwali. Kowace yamma sai ta buɗe kwalin, ta goge su, ta mayar, ta rufe.

Auta yana kallonta. Sai dabara ta faɗo masa. Baragurbi! Wato ƙwan da ya ruɓe, wanda in ya fashe warinsa ke korar kowa daga ɗaki. Zai tura shi can cikin takalmin. Yaya na zura ƙafa, fus!

Ya yi ta dariya shi kaɗai.

Maƙwabciyarsu tsohuwa ce mai ɗinki. Yara Inna suke ce mata. Tana da wata jar kaza da ta daɗe tana kwanci a akurki. Auta ya ce a ransa, "Ƙwan da ya daɗe haka a kwance, ai dole ya ruɓe."

Ran Juma'a da yamma, kazar ta fito shan ruwa. Keken ɗinkin Inna yana ta ƙara a ɗaki. Auta ya lallaɓa, ya zura hannu, ya ɗauko ƙwai ɗaya. Ya ji shi da ɗumi, amma bai damu ba.

Ya cusa shi cikin tsohuwar safarsa. Ya tura safar bayan firiji, inda iska mai ɗumi ke fitowa. Ya san tsintsiyar Mama ba ta kaiwa can.

Washegari ya riga kowa tashi. Ya yi sanɗa, ya zaro takalmin Yaya ƙafa ɗaya daga kwali. Ya shiga kicin, ya durƙusa, ya jawo safar.

Sai safar ta motsa.

Auta ya daskare. Safar ta sake motsawa. Wani ɗan baki ya leƙo ta hudar babban yatsa.

"Tsiyo!"

"Wayyo Mama!" Auta ya yi tsalle, kansa ya bugi tebur.

Ya ji tafiya tana zuwa. Maza ya shuri takalmin zuwa ƙarƙashin kabad. Mama ta shigo, Yaya na bayanta da soson wanka a hannu.

Mama ta ce, "Lafiya? Maciji ne?"

Auta ya zazzage safar a hankali. Ɓawon ƙwai ya zubo. Sai ga ɗan tsako, ƙarami, gashinsa duk ya manne, yana tangaɗi.

Nan take tsoron Auta ya gudu, cika baki ya dawo.

Ya ce, "Ni na ƙyanƙyashe shi! Ni kaɗai, ba kaza! Kun taɓa ganin mai irin wannan basira?"

Yaya ta ce, "To wa ya yi ihun wayyo Mama?"

"Ihun murna ne."

Mama ta dube shi da kyau. "Ina ka samo ƙwai?"

"A hanya na tsince shi."

"A hanya," in ji Mama. "To. Za mu yi maganar in mun dawo. Ku shirya, kada mu makara. Kai kuma kada ka taɓa shi."

Suna fita, Auta ya kalli tsakon. Yana so ya nuna wa abokansa. Amma dubi yadda gashinsa ya manne! Wa zai yaba wannan?

Ya ce, "Bari in yi maka wanka, ka fito fes."

Ya buɗe famfo. Ya tara tsakon a ruwan sanyi, har da ɗan sabulu.

Tsakon ya yi kuka, ya yi kuka. Sai kukan ya fara raguwa. Sai ya daina. Wuyansa ya langaɓe, idanunsa suka rufe. Ƙafafunsa suka miƙe a tafin hannun Auta.

Auta ya ce, "Kai, tashi mana. Wasa nake yi."

Tsakon bai motsa ba.

Auta ya kashe famfo. Wannan karon bai yi ihu ba. Ya leƙa ƙofa, ya kira yayarsa.

"Yaya! Yaya, don Allah zo!"

Yaya ta shigo a guje. Ta riga ta sa kayan makarantarta masu guga. Tana ganin hannunsa ta ce, "Me ka yi?"

"Wanka kawai na yi masa."

"Wanka? Jaririn tsako? Sanyi ne zai kashe shi! Miƙo shi nan."

Ta karɓe shi. Ta goge shi da gefen rigarta, ba ta ko kula da gugar ba. Ta rufe shi da tafin hannu biyu, tana hura masa iskar bakinta.

Ta ce, "Ɗura ruwan ɗumi a kwalba. Mai ɗumi na ce, ba mai zafi ba. Naɗe ta da tawul. Yi sauri!"

Auta ya yi duk abin da ta ce. Yau babu gardama.

Ta ce, "Sai mun sami wurin da iska ba ta shiga. Riƙe shi a ƙirjinka, ina zuwa."

Ta fita, ta dawo da kwalin takalmanta. Ta buɗe. Takalmi ƙafa ɗaya ne a ciki.

Ta kalli kwalin. Ta kalli Auta. Ta kalli ɓawon ƙwai a ƙasa.

Auta ya sunkuyar da kai. Yana jiran faɗa.

Yaya ta durƙusa. Ta cire takalmin ta ajiye. Ta sa kwalbar a kwalin, ta kwantar da tsakon a jikinta. Ta rufa masa farin ƙyallen da take goge takalman da shi.

Suka tsuguna suna kallo. A waje Baba yana ta kira, "Ku fito mana! Lokaci yana tafiya!"

Yaya ta ce, "Baba, ga mu nan!" Amma ba ta tashi ba.

Can sai ƙyallen ya ɗan motsa. Wata 'yar ƙafa ta lanƙwashe. Ido ɗaya ya buɗe.

"Tsiyo."

Auta ya fashe da kuka. Ya rarrafa ƙarƙashin kabad, ya jawo takalmin. Ya goge ƙurar da rigarsa, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu.

Mama tana tsaye a bakin ƙofa. Auta ya faɗa musu komai, tun daga akurkin Inna har zuwa safa.

Yaya ta ce, "Wato a takalmina za ka sa shi? Da na taka shi fa?"

Auta bai taɓa tunanin wannan ba. Ya kalli kwalin.

"Ki yi haƙuri, Yaya."

Mama ta ce, "Ba ita kaɗai za ka ba haƙuri ba. Ɗauki kwalin. Yau ba za ka je taron ba. Wurin Inna za ka zauna, ka faɗa mata da bakinka."

Inna ta tsayar da kekenta, ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta riƙe haɓa.

"Ashe kai ne! Ni kuwa na ɗora wa kyanwa laifi. Jiya ko kan kifi ban ba ta ba."

Kyanwar tana kwance kan tarin yadi. Ta yi wa Auta wani irin kallo.

Auta ya ce, "Ku yi haƙuri, Inna. Ke ma ki yi haƙuri, kyanwa."

Inna ta yi dariya har tabaranta ya zame. "Na yafe, jikana. Zo mu gwada mayar da shi."

A akurki, sauran ƙwayayen duk sun ƙyanƙyashe. Inna ta ajiye tsakon kusa da uwarsa. Kazar ta karkata kai, ta dube shi. Sai ta kai masa sara. Inna ta yi wuf ta ɗauke shi.

Ta ce, "Ka gani? Ba ta san shi ba. Ba a ƙarƙashinta ya fito ba."

"To yanzu wa zai kula da shi?"

"Wanda ya raba shi da uwarsa. Daga yau kai ne uwar. In ya yi ƙwari, ka dawo mini da abina."

Ta ba shi ɓarzajjen hatsi a leda. Ta nuna masa yadda zai zuba ruwa a murfin kwalba, ya sa tsakuwa a ciki don kada tsakon ya faɗa. Ta koya masa ƙwanƙwasa yatsa kusa da abinci, kamar yadda kaza ke yi da baki.

Auta ya ƙwanƙwasa. Tsakon ya matso, ya tsinci ƙwaya ɗaya. Auta ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ko ranar gishiri.

Da rana Yaya ta dawo da kyautarta. Ta ce saura kaɗan a kira sunanta ba ta iso ba. Kuma da jiƙaƙƙen gefen riga ta hau gaban mutane. Amma tambayarta ta farko ita ce, "Ya ci abinci?"

Reno ba wasa ba ne. Kafin makaranta, Auta zai sake ruwan kwalba. In ya dawo, zai canza takardar da ke ƙasan kwali. Abokansa na buga ƙwallo, shi yana gadin tsako a rana saboda shaho. In yana makaranta, Mama ce ke dubawa. Ran da ya makara, sai ya tarar Yaya ta riga ta ɗumama kwalbar.

Suka sa masa suna Ɗan Safa. Gashinsa ya tashi, ya yi laushi kamar auduga. Duk inda Auta ya sa ƙafa, yana biye da shi.

Yaya ta riƙa cewa, "Maman Ɗan Safa, ɗanki yana kira!"

Auta ya kan ce, "Ina ruwanki? Duk layin nan babu uwa kamata."

Cika bakin dai bai bar shi duka ba. Amma yanzu kowace yamma shi ke goge wa Yaya fararen takalmanta, tun da kwalinsu ya zama gidan tsako.

Da Ɗan Safa ya yi fukafukai, kwalin ya yi masa kaɗan. Mama ta ce, "Lokacin cika alkawari ya yi."

Auta ya rungume shi, ya kai wa Inna. Ya ajiye shi a tsakar gida.

Ya ce, "Ga shi, Inna. Na gode da kuka koya mini. Ba ya son ruwa mai sanyi. Kuma yana tsoron tsintsiya."

Ya juya da sauri don kada a ga idonsa. Ya kai bakin ƙofa, sai ya ji ƙaramar tafiya a bayansa. Ya waiga. Ɗan Safa ne, yana gudu da fukafukai a buɗe.

Auta ya mayar da shi. Ya sake biyo shi.

Inna ta ce, "Kai, ku tafi kada ku sa ni kuka. Ya riga ya zaɓi uwarsa. Na ba ka shi."

Auta ya durƙusa har ƙasa. "Na gode, Inna! Na gode!"

Ya shiga gida yana tsalle. Ya tsaya gaban Yaya.

Ya ce, "Yaya, ni na so in ɓata miki takalmi. Ke kuwa kika ba ni kwalinsa. Ba don ke ba, da ya mutu. Na gode."

Yaya ta shafa kansa. "To me ka koya, ɗan ƙaramin kai?"

"Ba zan ƙara ɗaukar abin da ba nawa ba. Kuma wasan da zai cuci wani ba wasa ba ne."

Mama ta ce, "Madalla da Autana."

Auta ya zura ƙafa a silifas ɗinsa. Sai ya ji wani abu mai ɗumi, mai laushi. Ya ɗaga ƙafar. Kashin tsako ne.

Ɗan Safa yana gefe, ya karkata kai, kamar bai san komai ba.

Yaya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Ka ga ɗanka ya gado ka!"

Auta ma ya yi dariya. Ya ɗauki silifas ɗin, ya nufi famfo, Ɗan Safa na biye da shi.