Murfi Biyu a Tanki

Ranar Lahadi da hantsi mutum huɗu suka shigo ofishin 'yan sanda na Funtuwa riƙe da Uzoma kamar ɓarawon akuya. Sufeto Zubair ya san shi sarai. Mai gyaran talabijin ne, haifaffen garin, kuma shekara goma sha biyar yana shiga gidajen mutane ba a taɓa neman ko cokali an rasa ba.

Malam Sanda, sakataren ƙungiyar manoman Tudun Makera, shi ya yi bayani. Ƙungiya ta sayi sabon akwatin kama tashoshi, Uzoma ya haɗa shi da doguwar eriya, sai ga tashar jiha ta fito tangaram a ƙauyen da bai taɓa ganin komai ba sai yayyafi a fuskar talabijin. Sati biyu kacal aka mora. Ranar Juma'a akwatin ya ɓace.

"Ranka ya daɗe, duk maza muna masallaci," in ji Sanda. "Wa ya rage a gari? Shi kaɗai aka gani yana ɗaure waya."

Uzoma ya ɗago ido jajur. "Sufeto, in aka ce ni ɓarawo ne, wa zai ƙara buɗe mini ƙofarsa? Sana'ata ta mutu ke nan."

Sufeto ya sa aka zaunar da shi a bayan kanta, ya hau babur ya nufi ƙauyen.

Kwaɗon ɗakin ƙungiya lafiyarsa lau. Makulli uku ne: na Sanda, na Hajiya Inno shugabar mata manoma, da wanda aka ara wa Uzoma. Sufeto ya tsuguna a bayan talabijin. Wayar eriya an yanke ta da wuƙa, yankan gaggawa, alhali murɗawa ɗaya za a yi ta fita. Mai gyara ba ya yi wa waya wannan wulaƙanci.

Hajiya Inno ta iso tana haki. Ta kwance bakin zanenta ta fito da rimot, naɗe cikin leda har ninki uku.

"Ga shi nan, ɗan nan. Ni ke ajiye shi, don hannun mazan nan ba ya rabo da taki."

"Hajiya, wace tasha kuka kalla a ƙarshe?"

"Ta jiha mana. Ita ke kawo shirin manoma ran Asabar. Ga tsutsa tana cinye mana masara, jiya aka ce za a faɗi yadda ake haɗa magani, muka taru sai wayam."

Sufeto ya kira ofis aka ba Uzoma waya. Ya tambaye shi ko akwatin zai yi aiki ba rimot.

"Zai yi, yallaɓai, amma tashar da aka bar shi a kai kaɗai zai nuna."

Daga nan Sufeto ya zauna a teburin Awaisu mai shayi, ya ce a haɗa masa mai kauri. Ba ya gaggawa a wurin mai shayi, don ya san a nan ƙauye ke zubar da cikinsa. Ga tsohuwar talabijin ɗin Awaisu tana ta shuuu, mai karanta labarai kamar aljani a cikin ruwan sama.

"Jiya mun sha musu a nan," in ji Awaisu. "Wannan ya ce murfi ɗaya na maganin ya ji ana zubawa a tankin feshi, wancan ya ce huɗu. Murya na yankewa, hoto ba a magana. Sai bayan magariba Malam Sanda ya zo ya raba gardama."

"Me ya ce?"

"Murfi biyu a tanki. Ya ce an ma rubuta a ƙasan hoton da ƙananan baƙaƙe. Ai shi dama can shi ne idonmu. Gidansa na kan tudu, ya ɗan fi namu kamawa, shekara da shekaru shi ke faɗa mana abin da aka ce. Sai da akwatin nan ya zo aka daina tambayarsa."

Sufeto ya ajiye kofin bai ƙarasa ba.

Ya tarar da Sanda a zaure. Sanda ya tarbe shi da fara'a, har da kawo buzu.

"Malam Sanda, a ina ka yi Juma'a?"

"Bakori, ranka ya daɗe. Na je ɗaurin aure."

"Ɗazu a ofis ka ce duk kuna masallaci."

"To, ai can ma masallaci ne."

"Haka ne. Kunna mini talabijin ɗinka in ga wannan gani naka da ake yabo."

Sanda ya kunna yana murmushin dole. Hoto ya fito yana rawa, fuska da ƙyar ake gane ta mace ce. A ƙasa wani farin layi yana wucewa.

"Karanta mini wancan rubutun."

Sanda ya matsa, ya ƙanƙance ido, ya goge gilashin da hannun riga. Gumi ya keto masa.

"Yau iska ce ta juya eriya..."

"Ba iska yau, Malam. Babu talabijin a garin nan da ke nuna ƙananan baƙaƙe sai da akwatin ƙungiya. Kai kuma jiya ka karanta su. Ina yake?"

Can Sanda ya tashi ya zura hannu cikin buhun dawa, ya zaro akwatin, guntuwar wayar na reto a jikinsa.

"Ni fa ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "Shekara ashirin in na yi magana ana shiru. Rana ɗaya wannan abin ya mai da ni ba kowa ba. Har Inno ke gyara mini zance!"

"Sai ka ga gara a ɗaure Uzoma a dawo maka da majalisarka."

Sanda ya sunkuyar da kai. Sufeto ya sa masa ankwa, aka fita da shi ta gaban teburin Awaisu.

Da la'asar Sufeto ya dawo da Uzoma a bayan babur ɗinsa. Mutanen nan da suka riƙe shi da safe, su suka riƙe masa tsani, suna ta "Yi haƙuri, Uzoma, mun ɗauki alhakinka." Uzoma ya haɗa wayar. Hoto ya faɗo tas, har zaren hular mai labarai ana ƙirgawa. Ɗaki ya ɗauki sowa, mata na guɗa daga waje, Sufeto kansa ya kasa ɓoye farin cikinsa.

Uzoma ya ciro makullin aro ya miƙa wa Hajiya Inno. Ta mayar masa da hannunsa, ta danƙe yatsunsa a kai.

"Riƙe abinka, ɗana. Ga na Sanda ma, haɗa duka."