Gishirin Jatau a Dajin Bama

Ku rufe min baki, marasa kunya! Wuni guda kuna bin malam-buɗe-littafi a bakin rijiya, kuna cisge masa fukafukai kuna dariya, kamar waɗanda ba su da manya a gida. Ku matso ku ji yadda Jatau, ƙanin kakanku, ya ƙare.

Lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɗauke su soja, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa ƙasar Bama. Kada wani ya ce muku jarumi ne. Alfadarai yake ja, buhun gishirin rundunarsu kuma a hannunsa yake. A dajin nan zufa ba ta tsayawa. Wanda bai lashi gishiri ba, kafin la'asar ƙafafunsa sun ɗaure, ya faɗi. Kowa lallaɓa Jatau yake yi, shi kuwa kai ya kumbura.

Akwai wani irin malam-buɗe-littafi a can. In ya rufe fukafukai, busasshen ganye ne sak, har da jijiyoyinsa. In ya buɗe, shuɗi ne da ruwan goro. Bai damu da fure ba. Ruɓaɓɓun 'ya'yan itace yake tsotsa, da danshin inda alfadari ya yi fitsari, da zufar mutum.

Shugabansu, Saje Ɗan'azumi, ya ce, "Jatau, in ka ga sun taru, ka kewaye. 'Yan ƙasar ma kewayewa suke yi."

"Haba Saje! Ƙwaron da ke shan fitsarin alfadari zan ba hanya?"

Ran nan da tsakar rana ya gangara rafi ɗiban ruwa, buhun gishiri a kafaɗa don kada a taɓa masa. Shi kaɗai, ko bisimilla babu. Ya tarar malam-buɗe-littafi sun rufe bakin ruwa. Ya sa takalmin soja ya bi ta kansu, yana murjewa.

Daji ya yi tsit. Ko tsuntsu.

Ya ɗaga kai. Ga wata 'yar tsohuwa a gabansa, ta lulluɓa da mayafi mai launin busasshen ganye. Shi laka ta kama shi har idon sawu. Ita ko sawu ba ta bari ba.

"Sannu, ɗan samari."

Da Hausa. A Bama. Bakinta kuma bai motsa ba.

"Ka taka min jikoki. Na yafe. Waɗanda suka rage gishiri suke nema. Sam min, ko na kan farce."

Da mai hankali ne, da ya sauke buhun ya durƙusa. Sakarai sai ya tofar da yawu.

"Gishirin soja ne, tsohuwa. Je ki lashi laka kamar su."

"To," in ji ta. "Na jikinka ma ya isa."

Ta buɗe mayafin. Cikinsa shuɗi da ruwan goro. Babu ƙirji, babu ciki, babu komai. Sai busassun ganyen da ke ƙasa suka tashi gaba ɗaya, suka rufe shi: goshi, wuya, hammata, har fatar ido. Ba cizo, ba zafi. Tsotso kawai, a hankali.

Da la'asar Saje ya tsince shi kwance, jiki a bushe kamar kilishi. Ya ɓara masa baki ya zuba masa gishiri a harshe.

Jatau ya furzar. "Saje, yashi kake ba ni?"

An gama yaƙi ya dawo gida da ransa, in wannan rai ne. Da aka kawo ni gidan nan amarya, a zaure na same shi, da jiƙaƙƙen tsumma a ka. Bai ƙara yin zufa ba. In ya fita rana, sai zafi ya kayar da shi, don haka ko kunya ɗaya bai sake nomawa ba, 'yan'uwa ke ci da shi. Kowace miya lami ce a bakinsa. Mata uku ya kora a kan miya, kafin ya yarda harshensa ne.

Ranar da mahaifiyarsa ta rasu, ya zauna gaban makara ya buɗe baki yana kuka. Ya matse ido, ya matse. Ko ɗigo bai fito ba. Mutane suka ce ƙarya yake yi, suka ɗauki gawa suka bar shi nan.