Tsarabar Yawunde

Da almuru Hamadu ya fita kai wa surukarsa turmin atamfa a ƙetaren gadar Binuwai. Kaltumi matarsa ya sayo wa. Mai zanen kuwa ta riga ta kwanta dama.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare ne fatauci ya kai shi Yawunde. Kaltumi tana jinya, amma bakinta bai mutu ba.

"Baban Aisatu, ka zama idona. Kome ka gani ka ƙullo mini. Kuma ka duba ko da gaske ne mace na tuƙa mota, ko ƙaryar 'yan kamasho ce."

Bawan Allah ya yi yawo har takalminsa ya tsinke. Ya dawo Garwa da labari fal bakinsa, ya tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida. Maƙwabta suka yi ta tambayar yadda birni yake, ya ƙi faɗa. Ai ba nasu ba ne.

Hanyar gada shiru. Sai kwaɗi, sai gurnanin dorina can nesa. Iska ta kawo warin laka, a cikinsa kuma ƙamshin turaren wutar da ya sani.

"Sannu da zuwa," aka ce a bayansa, a hankali. "Me ka gano mini?"

Muryarta ce, har da 'yar dishewar jinya.

Yaro ma ya san ba a amsa wa murya da almuru a bakin ruwa. Hamadu ya sani. Amma kewa ta fi ƙarfin sani. Bai waiwaya ba, ya dai fara magana, hawaye na zuba.

Ya ba ta labarin jirgin da ya kwana yana keta daji. Ya faɗi gari bisa duwatsu, da jar ƙasa, da ruwan sama ba fashi. Da tsiren unguwar Birikitari, inda Hausa ke tashi kamar a gida.

"Sai me?"

Ɗan ɗakin ƙarfe da ke haɗiye mutane ya haura da su bene. Fitilar da ke tsayar da motoci ba ɗan sanda.

"Sai me?"

Yanzu muryar tana gabansa. Yana binta. Kwaɗin sun yi tsit.

Sanyi ya kama ƙafarsa. Sanyin ya hau gwiwa. Saura labari guda, wanda ya ajiye don ya ji dariyarta.

"Ƙaraso, Hamadu."

Ya tsaya cik.

Tun ranar aurensu Kaltumi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko a faɗa, ko a zafin ciwo.

Ya duba. Ba gada. Ruwa har ƙugunsa, wani abu mai santsi yana naɗe masa ƙafa.

Ya ja Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Abin ya fashe da kuka, da muryarta, irin kukan da ta yi ranar da suka rasa ɗansu na fari. Wannan ya fi komai ciwo. Ya toshe kunne, ya fizge, ya rarrafo tudu. Atamfar ta bi ruwa.

Da zazzaɓin da ya kwantar da shi ya sake shi, sai ya tarar Yawunde ta goge daga kansa. Duk abin da ya faɗa a bakin kogi ya tafi tare da mai tambaya. Maƙwabcinsa Léon, direban motar auduga, ya yi ta tuna masa.

"Haba Malam, ko jirgin ma?"

Ko jirgin.

Ran Juma'a da hantsi ya tafi maƙabarta. Ya yi addu'a, ya tsuguna daidai kanta.

"Sun ƙwace sauran, ki yafe mini. Amma da gaske ne, mace na tuƙa mota. Na gan ta da idona, a farar mota, har da ɗankwali."

Ya daɗe a tsugune yana jiran dariyar.