Hannaye Goma Sha Ɗaya

Da hantsi aka kira Sufeto, an tsinci gawar wata ma'aikaciya a ɗakin rini na wani kamfanin tufafi. Ita ke rubuta rahoton da kamfanin ke tura wa masu sayen kayansa duk shekara, kan yadda yake kula da ma'aikata.

Manaja ko kujera bai nuna masa ba. Ya ce santsi ne ya kwashe ta, ta buge ƙeya da bakin tanki, a yi a gama, suna da lodi.

Sufeto ya tsuguna ya shafa daɓen. A bushe yake ƙayau.

"Santsi a busasshen siminti?"

"Waya ɗaya zan buga a cire maka kakin nan," in ji Manaja.

Sufeto ya miƙe, ya wuce zauren ɗinki. Matan suka ƙi ɗago kai daga kekunansu. Sai wata dattijuwa da suke kira Gwaggo ta miƙo masa hannuwanta, duk sun saɓule da ƙunar sinadari. Ta ce marigayiyar ta ɗauki hoton hannun mutum goma sha ɗaya a wayarta, ta rantse sai sun shiga rahoton.

Rahoton na nan kan teburin marigayiyar, an buga shi tsaf. Shafi na tara ya ce bana ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Wayar kuwa ko sama ko ƙasa.

Sufeto ya sami jami'in lafiyar ma'aikata, ƙanin matar Manaja, a ofishinsa, Manaja na biye da shi. Jami'in ya ce rabonsa da ita tun shekaranjiya, yana magana yana hura hanci. Sufeto ya sa Sajan ɗin da ya rako shi ya kira lambar marigayiyar.

Durowar jami'in ta kama ruri.

Nan take jami'in ya amsa laifinsa. Ya ce shekara uku yana sa hannu an raba safar hannu, alhali ko ɗaya ba a raba ba. Da asirin ya tonu, da masu saye sun janye.

"Na ce ta goge hotunan, ta ƙi. Ture ta kawai na yi."

Manaja ya ja da baya, ya ce shi bai san da wannan ta'asa ba.

"Haba Yaya, ba kai ka ce in karɓo wayar ko ta halin ƙaƙa ba?" in ji jami'in.

Sufeto ya dubi Manaja daga sama har ƙasa.

"Sajan, ɗauko ankwa ta biyu."

Ta tsakiyar zauren ɗinki aka fita da su, kekunan na tsayawa ɗaya bayan ɗaya.