Ƙudan Zuma Sun Ba da Shaida

Da hantsi Malam Sodangi na Ƙofa ya tarar da amyarsa a ƙasa gindin ɗorawa, an yashe zumar ƙarƙaf. Salatin da ya saka, har kaji sai da suka watse.

Kafin Saja Rauda ta iso daga ofishin 'yan sanda na Kusada, jama'a sun gama shari'a. Sun tsare Mamuda, makiyayin da ke zaman taki a gonar Sodangi, don fuskarsa ta kumbura suntum, ido ɗaya ya rufe.

"Yau ɗin nan shi kwashe shanunshi shi bar mani gona," in ji Sodangi. Mamuda kuwa, bawan Allah, in ya tashi ba shi da wani masauki a ranin nan.

Yakubu, ƙanin Sodangi, ya fi kowa zaƙewa. "Saja, mi ake jira? Ga shaida nan a fuska!"

Rauda ba ta son a yi mata katsalandan. Ta kama haɓar Mamuda ta duba.

"Me ya harbe ka?"

"Rina ce, ranki shi daɗe. A rumbun bakin gona, na je ɗaukar igiya."

Ta je rumbun da kanta. Ga gidan rina a fashe, masu gidan kuma ba su huce ba. Sai ga Rauda, Saja guda, ta dawo a guje, hula a hannu, mata suna ta ƙyaƙyata dariya.

Ta nufi Adda mai fura, wadda aka ce an ga zuma a kwanonta. Ta lakata ta ɗanɗana. Tsohuwar zuma ce, har ta yi tsaki-tsaki.

"Tun kaka nike da abuta, 'yar nan," in ji Adda. "Ƙara wata lakatar, ban hana ki ba."

Rauda tana lasar yatsa ta lura da wani abu. Cikin taron nan duka, Yakubu kaɗai ƙudan zuma ke yi wa shawagi, ga shi cikin babbar riga a wannan uban zafi. Ya kai wa ɗaya mari, ta ɗana masa harbi a wuya.

"Kar ka matsa!" Rauda ta kankare ƙarin da farce. "A kawo ruwan randa."

Kafin ruwa ya iso, borin jini ya feso masa, leɓɓa suka kumbura, numfashi ya koma fito. Rauda ta juya ga jama'a.

"Wannan ba kumburin banza ba ne, maƙogwaro ke rufewa. Wa ke da babur?"

Mamuda ne ya buga nasa. Aka sa Yakubu a tsakiya, Rauda ta tallafe shi ta baya, sai asibitin Kusada. Ma'aikaciyar jinya ta soka masa allurar adirinalin a cinya. Jim kaɗan numfashi ya dawo, alhamdu lillahi. Da aka cire babbar rigar, sai ga hannun taguwa ya yi danƙo da zuma, ga ƙari har yanzu a kafe a gadon baya, inda hannu ba ya kaiwa.

Sodangi ya iso yana haki, Rauda ta warware masa.

"Rina ba ta barin ƙari, zuma ke bari. Mamuda ba shi da ko ɗaya, na kuma ga gidan rinar. Shi kuwa ƙaninka, ƙanshin kayansu ƙudan zuma suka biyo a jikinsa."

Yakubu ya sunkuyar da kai. "Yaya, kwaɗayi ne. Zumar tana nan cikin tulu, bayan ɗaki."

"Mabarnaci! Da ka roƙa, hana ka zan yi?" Sodangi ya rasa ta yi, sai dariya da hawaye. Ya kama hannun Mamuda. "Na ci haƙƙinka, ka yafe ni. Gona taka ce har damina, tulun nan ma naka ne."

"Saja, kulle ni za ki yi?" in ji Yakubu.

"Yayanka ya yafe. Amma malamar asibiti ta ce harbi na gaba yana iya kai ka kushewa. Kai da gindin amya har abada."

"Zumar fa?"

Mamuda ya dube shi da idonsa ɗaya mai gani. "In kwaɗayin ya motsa, ka zo ruga da sallama, in lasa maka."